Tsokaci Kan Fassarar "Cause for Concern" a Labaran Hausa

Daga cikin kalaman Ingilishi da ke ba mafassaran labarai wahala akwai "cause for concern". Sau da yawa akan juya shi kalma da kalma, a ce abu ya zama "dalilin damuwa" ko kuma ya "haifar da damuwa". Nahawu bai hana wannan ba, amma Bahaushe ba haka ya saba faɗa ba.

A bisa rabe-raben aikatau da Parsons ya yi a 1960, "dama" ɗan aji na biyu ne, yana kuwa ɗauke da ma'anar jawowa a cikinsa: lamarin ya dami jama'a. Daga gare shi aka sami "damu" a aji na bakwai, sannan "damuwa". Ke nan wanda ya ce "haifar da damuwa" zagaye ya yi, alhali ga "ya dame su" da "abin damuwa".

Matsala ta biyu ita ce nauyin magana. Kalamin Ingilishin na sassauci ne, irin na jami'in da ba ya son firgita mutane. Hausa kuwa tana da matakai: abin lura, abin damuwa, abin da ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya, sannan abin tayar da hankali. Mafassarin da ya tsallaka zuwa matakin ƙarshe ya ƙara gishiri, musamman da yake "tashin hankali" yana nufin tarzoma ma.

Ta uku ta fi haɗari, domin kalmar "concern" tana kuma nufin shafa. A watan Agusta 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar Ebola a matsayin matsalar gaggawa ta "international concern", haka kuma ta yi wa korona ranar 30 ga Janairu 2020. Manufar ita ce cutar ta shafi ƙasashen duniya, tana bukatar haɗin gwiwarsu. Idan aka ce "duniya ta shiga damuwa", an mayar da matakin doka labarin zuciya, mai sauraro kuma bai san an ɗora wa hukumomi wani nauyi ba.

Saboda haka, kafin mafassari ya zaɓi kalma, wajibi ne ya tantance abu biyu: shin damuwa ake nufi ko shafa, kuma a wane mataki? A labarin annoba, kuskure a nan yakan sa jama'a ko dai su firgita ko su yi sakaci.