Masu Kula da Layin Faci a PostgreSQL

A manhajar da jama'a ke haɗuwa su gina a fili, kowa na iya aiko gyara. Wani ya hango kuskure, ya rubuta 'yan layukan da za su magance shi, ya tura wa masu aikin. Wannan shi ne faci. Aikowa ba ta da wuya, samun wanda zai zauna ya karanta shi ne jidali, domin masu bita kaɗan ne kuma kowa da aikin da ke gabansa. Faci kuwa ba ya son jira. Manhajar tana ta canzawa, har a wayi gari ba ya shiga gurbin da aka yi shi dominsa, mai shi kuma ya gaji da shiru ya kama gabansa.

Mutanen PostgreSQL, manhajar adana bayanai da kamfanoni da yawa ke dogaro da ita, sun fito da wata dabara tun 2008, suna kiranta commitfest. Sau da yawa a shekara sukan ware wata guda su fuskanci facin da ya taru. Duk wanda ya kawo nasa, ana sa ran zai duba na wani mai kama da shi a girma da wahala. Wannan ƙa'ida tana burge ni ƙwarai, domin ta hana mutum ya sauke kayansa ya tafi.

Gwanin da na fi yabawa shi ne wanda ya ɗauki nauyin jan ragamar watan. Kamar ɗan kamasho a tasha, ya san wanda layi ya zo kansa da wanda ya daɗe a tsaye. Yakan bi jerin ɗaya bayan ɗaya: wannan yana jiran bita, wancan yana jiran mai shi ya gyara, ga wani ya kammala sai mai ikon shigarwa. Wanda ya yi alkawarin bita ya yi shiru, sai ya tuna masa cikin ladabi. Facin da bai nuna ba, sai ya mayar wa mai shi tare da bayanin abin da ya rage, yadda mutumin zai ji ƙarfin dawowa. Rubuta irin wannan amsa, wadda ba ta yaudari mutum ba kuma ba ta kashe masa gwiwa ba, sai wanda ya goge.

Akwai kuma sanin lokacin da ba a biye wa matsin lamba, kamar yadda abin da ya faru a wata manhaja daban ya nuna. Lasse Collin ya shafe shekaru kusan shi kaɗai yana riƙe da xz, manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace na'ura mai Linux. A 2022 wasu suka taso shi gaba da ƙorafin cewa faci na zaune babu mai dubawa. A gajiye yake, ya sakar wa wani mai amfani da sunan Jia Tan ragama sannu a hankali. Jia Tan kuwa ya dasa ɓoyayyiyar ƙofar kutse a fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1. Asirin ya tonu ne a watan Maris na 2024, lokacin da Andres Freund, ɗaya daga cikin masu shigar da faci a PostgreSQL, ya lura shiga wata na'ura daga nesa ta hanyar SSH ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi har ya kai ga tushen.