Jinjina ga Waɗanda Suka Mai da Filin Jirgin Yaƙi Fagen Tsere

Da Allah ya kawo ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, aka bar Ingila da filayen jiragen yaƙi barkatai, ciyawa tana neman cinye su, tumaki suna kiwo a gefensu, har sai da wasu ma'abota basira, masu shauƙin tseren mota, suka fahimci cewa titin da aka shimfiɗa domin jigilar ajali yana iya ɗaukar nishaɗin jama'a.

Silverstone, inda aka horar da matuƙan jiragen Wellington tun 1943, nan ne himmarsu ta fi bayyana, domin kuwa a 1948 ƙungiyar masu motoci ta RAC ta karɓi hayar filin, aka shata hanya da dammunan ciyawa da gangunan mai, gwargwadon abin da ƙuncin bayan yaƙi ya bari a hannu, kuma a tseren da aka yi a nan Luigi Villoresi ya yi galaba da motar Maserati. Goodwood ma, wani tsohon filin jirgin yaƙin, a wannan shekara aka buɗe ta domin tsere.

Ladan ƙoƙarinsu bai jinkirta ba: ranar 13 ga Mayu 1950, a gaban Sarki George na Shida, a Silverstone aka fara gasar duniya ta Formula 1, Giuseppe Farina ya zo na ɗaya. Madalla da waɗannan mutane.