Saw palmetto: tsiron da ya fi tallarsa daraja

Idan kana da uba ko kawu da ya haura shekara hamsin, wataƙila ka taɓa ganin kwalbar nan a kusa da gadonsa, an rubuta saw palmetto a jiki, wai tana magance kumburin furostet, wato ƙullin nan da ke ƙasan mafitsarar maza wanda ke hana fitsari fita sosai idan ya girma.

Bari mu fara da tsiron kansa. Sunansa a kimiyance Serenoa repens, ɗan gajeren dangin dabino ne, ganyensa kamar na kaba, yana fitowa a ƙarƙashin itatuwan fayin a ƙasa mai yashi ta kudu maso gabashin Amurka, musamman jihar Fulorida. Fari ba ya damunsa. Gobarar daji ma ba ta kashe shi, domin gangar jikinsa kwance take a ƙasa ko a binne, wuta na wucewa sai ya sake tofo. Wani bincike na ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2011 ya ƙiyasta cewa wasu gungunsa sun kai shekara dubbai. A nan dai babu ƙarin gishiri.

Ƙarin gishirin yana cikin kwalba. Gaskiya ne ƙananan gwaje-gwajen farko sun nuna alamar amfani, kuma da su masu talla ke riƙe har yau. Sai dai da aka yi gwaji mai tsauri, labari ya sauya. A 2006 mujallar New England Journal of Medicine ta buga sakamakon maza 225 da aka bi tsawon shekara guda: rabi na shan miligiram 160 sau biyu a rana, rabi na shan ƙwayar da babu magani a cikinta. Babu bambanci. Aka ce ai adadin ne ya yi kaɗan. To, a 2011 mujallar JAMA ta buga wani gwajin na maza 369 da aka ninka musu adadin har sau uku, zuwa miligiram 960 a rana. Nan ma ƙwayar banza ba ta gaza shi ba.

Ka lura, waɗanda suka sha ƙwayar banzan su ma sun ce sun ɗan ji sauƙi. Shi ya sa "ni na sha na ga amfani" ba hujja ba ce. Damuwar furostet tana hawa tana sauka da kanta.

A yi adalci: akwai wani nau'i da ake tatsa da sinadarin hekzen wanda hukumar magunguna ta Turai ta amince da shi, kuma illolin tsiron ba su da yawa. Amma ba lallai ne kwalbar da ke kemis ɗin unguwarku ta zama wannan nau'in ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓata lokaci. Yawan tashi fitsari da dare na iya zama ciwon suga, ko ciwon mafitsara, wani lokacin har da kansa, kuma riƙewar fitsari na iya lalata ƙoda. Dattijon da ya shekara biyu yana haɗiyar ƙwayar nan, shekara biyu ke nan likita bai duba shi ba.

Dajin ma yana biyan kuɗin tallar. 'Ya'yan tsiron abincin baƙin beyar na Fulorida ne da wasu namun daji, amma tsintarsu don kasuwa ta yi yawa har a 2018 jihar ta wajabta neman izini kafin a ɗiba.