Ƙungiyoyin Sa Kai da Raya Adabin Hausa a Jihar Kano: Tsokaci

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a cikin wannan maƙala ita ce mu auna gudummawar da ƙungiyoyin marubuta na sa kai suka bayar wajen raya adabin Hausa a Jihar Kano, mu kuma nuna inda muke ganin sun gaza. Da ƙungiyar sa kai muna nufin wadda marubuta suka kafa da kansu, ba da umurnin hukuma ko kuɗinta ba. Za mu taƙaita bayani a kan biyu daga cikinsu, wato Hikima Kulob da Raina Kama.

2.0 Gudummawarsu

Tun daga gasar da Hukumar Talifi ta shirya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki, har zuwa gasar kamfanin NNPC ta 1978, hukuma ko babban kamfani ne ke riƙe da ƙofar ɗab'i. Wanda bai sami shiga ta nan ba, sai rubutunsa ya kwana a akwati.

Hikima Kulob, wadda Alhaji Mudi Sipikin ya jagoranta a Kano cikin shekarun 1970, ta buɗe wa sha'irai wata ƙofar. Sukan taru su karanta waƙoƙinsu, a kuma watsa su ta gidan rediyo, har wanda bai iya karatun boko ba ya ji. Ta bai wa mata wuri, irin su Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yarshehu, waɗanda aka buga waƙoƙinsu cikin Alƙalami a Hannun Mata a 1983.

Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja da baya. A wannan hali ne Raina Kama ta ɓullo, ƙarƙashin marubuta irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da Balaraba Ramat Yakubu. Suka nuna wa juna hanyar maɗaba'a, suka tallata littattafan juna a cikin nasu, suka kai su kasuwa da hannunsu. Farin jinin In Da So Da Ƙauna shaida ne cewa masu karatu suna nan, abin karantawa ne suka rasa.

3.0 Inda Aka Gaza

Sai dai muna ganin waɗannan ƙungiyoyi sun fi ƙarfi wajen haihuwa bisa ga reno. Da fari, taimakon juna bai kai ga gyaran juna ba. Da yawa daga littattafan wancan zamani sun fito cike da kurakuran ƙa'idojin rubutu, musamman raba kalmomi da haɗe su, ga jigo guda ana ta maimaitawa. Wannan rauni ne ya ƙarfafa hannun masu suka, har aka laƙaba wa aikin suna adabin kasuwar Kano. Da ƙungiyoyin sun riga tankaɗe kayansu a cikin gida, da sun fi samun bakin magana sa'ad da aka ƙona littattafai a Kano a 2007.

Na biyu, ba a kula da adana ba. Waƙar da aka karanta a rediyo ta bi iska, littafin da aka buga a takarda mai araha ya ƙare a hannun masu haya. Da ba don nazarin da Graham Furniss ya kammala a 1977 ba, da abin da muka sani game da Hikima ya ragu ƙwarai.

Na uku, jihar tana da ƙananan hukumomi 44, amma harkar ta taru a birni da kewayensa. Sha'irin Rano ko na Gaya sai ya zo Kano kafin a san da shi.

4.0 Kammalawa

Ba mu faɗi wannan don rage darajar magabata ba, domin sun yi aikin da hukuma ta kasa yi. Shawararmu ga ƙungiyoyin da suka gaje su ita ce, kowace ta kafa kwamitin tace rubutu kafin ɗab'i, ta ajiye kofen duk abin da 'ya'yanta suka wallafa a laburaren Jami'ar Bayero, ta kuma riƙa zagayawa da taronta zuwa garuruwan jihar. Abin da ba a adana ba, ba za a sami mai nazarinsa gobe ba.