Jinjina ga Masu Gyaran Waya na Gusau, Tsafe da Bungudu

Tun da wayar salula ta bazu a Najeriya daga 2001, wata sana'a ta kafu wadda ba a cika yaba mata ba: gyaran waya da ƙananan kwamfutocin hannu. A Gusau da Tsafe da Bungudu, matasa ne a ƙarƙashin laima ko 'yar rumfa, sun duƙufa kan na'urar da mai ita ya riga ya fid da rai.

Aikinsu na farko shi ne gane abin da aka kawo. Mai gyara zai cire batir ya karanta lambar samfuri, ko ya danna *#06# ya duba lambar IMEI, ya bambance ta asali da jabu. Nokia 3310 da ta fito a 2000, da tsofaffin BlackBerry da kamfaninsu ya daina kula da su a 2022, duk sun san cikinsu. Daga nan a narka dalma, a liƙa zaren tagulla siriri kamar gashi, a sauya gilashi, a ƙara memori, a sabunta manhaja. Abin da babu a gari, a aika kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko a ciro shi daga matacciyar waya.

Ba don haƙurinsu ba, da hotunan iyaye, lambobin 'yan uwa da lissafin ɗan kasuwa sun salwanta, talaka kuma ya sha tsadar sabuwa.

Mu girmama su, mu biya su haƙƙinsu ba ƙwauro, mu tura yaranmu su koya. Allah ya sa wa sana'arsu albarka.