Masaukin Sifaniya: kowa da guzurinsa

Faransawa na da wata tsohuwar magana a kan masaukan baƙi na ƙasar Sifaniya. Wai matafiyi ba ya iske kome a cikinsu sai abin da ya zo da shi: in ya zo da nama ya ci nama, in ya zo hannu rabbana ya kwana da yunwa. Daga wannan magana ce Cédric Klapisch ya ɗauko sunan fim ɗinsa, L'Auberge espagnole, wanda ya fito a 2002, ya kuma jawo ƴan kallo kusan miliyan 3 a gidajen silima na Faransa. Tun daga lokacin, fim ɗin ya zama madubin da matasa da dama ke duba karatu a ƙasar waje da shi, malaman Faransanci kuma suka shigar da shi azuzuwansu. Saboda haka ya cancanci a zauna a auna shi, a ga abin da ya nuna da kyau, da kuma guzurin da ya ƙi ƙirgawa.

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Xavier, wanda Romain Duris ya fito a matsayinsa, ɗalibi ne mai karatun tattalin arziki a birnin Pari. Wani abokin mahaifinsa, babban ma'aikaci a ma'aikatar kuɗi, ya yi masa alkawarin aiki muddin ya iya Sifaniyanci. Sai ya nemi shiga shirin Erasmus, wanda Tarayyar Turai ta kafa a 1987 domin ɗalibai su yi wani ɓangare na karatunsu a wata ƙasa. Ya bar uwarsa da budurwarsa Martine, ya sauka Barselona, ya samu ɗaki a wani gidan haya inda ƴar Ingila da ɗan Italiya da Bajamushe da ɗan Danmak da ƴar Sifaniya ke zaune. Daga baya Isabelle, ƴar Beljik, ta cika su bakwai. Bayan shekara guda ya koma gida, ya kama aikin da aka yi masa alkawari, ya tsere daga ofis a ranarsa ta farko, ya ce shi marubuci zai zama.

Gwanintar Klapisch ta fi fitowa a ƙananan abubuwa. Duk wanda ya taɓa haɗa takardun neman tallafin karatu zai gane kansa a farkon fim ɗin, inda Xavier ke sintiri daga wannan ofis zuwa wancan, hoto yana gudu kamar an kore shi, takardu suna taruwa ɗaya bisa ɗaya har su rufe allon kallo. Haka nan firjin gidan, wanda aka raba wa kowa gurbinsa da sunansa, da takardar da aka liƙa kusa da tarho mai ɗauke da amsar da za a ba iyayen kowa cikin harshensu, da gardamar wanda ya bar bayan gida da ƙazanta. Zaman tare na mutanen da ba su haɗa harshe ba, ba su haɗa tarbiyya ba, a irin waɗannan wurare ake gwada shi, kuma fim ɗin ya san haka. Cécile de France, wadda ta fito a Isabelle, ta samu kyautar César a 2003, kuma ba a yi mata alfarma ba.

Wurin da fim ɗin ya fi nauyi shi ne ajin jami'a. Malami na ba da darasi da Katalanci, harshen yankin Kataloniya. Isabelle ta ɗaga hannu a madadin baƙin ɗalibai, ta roƙi a koma Sifaniyanci, malamin ya ƙi. Abin dariya a ciki shi ne mai ƙorafin ta fito ne daga Beljik, ƙasar da ita ma ke fama da rigimar harsuna biyu. Bayan an tashi, gardama ta ci gaba tsakanin ɗalibai, inda wani saurayi baƙar fata ya bayyana cewa shi ɗan Gambiya ne kuma ɗan Kataloniya ne, ɗaya bai kore ɗaya ba. Malamin da ke koyarwa a ƙasar da aka buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa tun 1973 a Damagaram ba ya bukatar a fassara masa wannan gardama. Sai dai saurayin nan mintoci kaɗan aka ba shi, daga nan bai sake zama abin kula ba. Shi ba ɗan gidan ba ne, ba shi da gurbi a firji.

A nan ne raunin aikin ya soma bayyana. Ɗalibin da ke ƙasar waje kaya uku yake ɗauke da su a kai guda: karatu, da aikin da zai ci da shi ko zai gina gobensa, da kuma zumunci da ganin gari. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Yadda ɗalibi ke raba kwana bakwai na sati tsakanin waɗannan kaya shi ne ainihin labarin zamansa. Klapisch ya sauƙaƙa wa kansa, ya sauke biyu daga kan Xavier. Ajin jami'a sau kaɗan aka shiga shi. Ba a nuna saurayin yana wani aiki domin biyan haya ba. Maganar kuɗi ba ta taso da ƙarfi ba sai ranar da mai gida ya ƙara kuɗin haya, kuma nan take aka warware ta da ƙarin mutum guda a gidan. Abin da ya rage shi ne hira da shagali da soyayya da yawo.

Shi kansa yawon ma yana da abin dubawa. Xavier ya hau hasumiyar cocin Sagrada Família, ya zaga lambun Güell, ya je bakin teku, akasari yana rakiyar Anne-Sophie, matar wani likitan ƙwaƙwalwa Bafaranshe da ya ba shi masauki a kwanakinsa na farko, wadda daga baya ya ci amanar mijinta da ita. Gine-ginen Antoni Gaudí sun zama labule kawai a bayan sha'anin Faransawa biyu. In aka cire mai wani gidan shaye-shaye da ya koya masa Sifaniyancin titi, da wuya a ga Xavier ya zauna da ɗan gari. Ya ga Barselona, amma mutanenta sun wuce shi kamar inuwa.

Kayan da aka fi jin rashinsa shi ne horon aiki, abin da Faransawa ke kira stage. Za a iya yi wa fim ɗin uzuri da zamaninsa, domin sai a 2007 ne shirin Erasmus ya haɗa da tura ɗalibai horo a kamfanoni. Amma matsalar tana nan tun kafin haka. A 2005 matasan ƙungiyar Génération précaire suka fito titunan Pari da fararen fuskokin roba, suna kukan ana sa su aikin ma'aikata ba tare da albashi ba. Dokar Faransa ta 10 ga Yuli 2014 ta ƙayyade horo a wuri guda kada ya wuce wata 6 a shekarar karatu, ta kuma tabbatar da wajabcin biyan ɗan ihsani in ya haura wata 2. Ɗalibar da ke ofis daga Litinin zuwa Juma'a, tana rubuta rahoton horo da dare, Asabar da Lahadi kaɗai gare ta. A cikinsu za ta yi wanki, ta yi cefane, ta kira gida, ta rama barci, sannan ta yanke shawara ko kuɗin jirgin ƙasa zuwa wani gari ya fi mata amfani ko ajiye su domin ƙarshen wata. Wannan lissafi na kowane sati yana da daɗi da ɗaci da suka isa fim guda, amma ba a ba shi ko minti ɗaya ba.

Ƙarshen labarin ne ya tona asirin guzurin. Ana so mai kallo ya yi tafi sa'ad da Xavier ya ruga daga ma'aikatar kuɗi. To amma wa ke iya gudun aikin gwamnati a ranar farko? Wanda abokin ubansa ya samar masa aikin, wanda ke da ɗaki a gidan uwarsa, wanda fasfonsa ke buɗe masa iyakoki ba tare da biza ba, wanda babu ƙanne da ke jiran albashinsa. Ɗalibin da ya zo Faransa daga wajen Turai lissafinsa dabam ne. Shekaru da dama ana neman ya nuna shaidar yuro 615 a kowane wata kafin a ba shi biza. Doka ta ba shi damar aiki awa 964 kawai a shekara. A 2019 aka tsayar masa da kuɗin rajista na yuro 2,770 a matakin digirin farko, wato sama da sefa miliyan 1 da dubu 800, ko da yake jami'o'i da yawa sun yafe wa ɗalibansu ƙarin. Ga ƴan Nijar kuwa, an dakatar da ba da biza a Yamai a 2023, aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Janairun 2024. Da yawa daga cikin masu fita karatu Maroko suke nufa, ko Aljeriya, ko Tunisiya, ko Senegal, ko Turkiyya, kuma ko'ina suka sauka kayan nan uku na jiran su.

Akwai fim ɗin da ya dace a ajiye kusa da wannan domin a ga bambancin ido. A Petit à petit na Jean Rouch, wanda ya fito a 1971, Damouré Zika ya bar Nijar zuwa Pari domin ya ga yadda ake zama a gidajen bene kafin kamfaninsa ya gina nasa. Yawonsa aiki ne. Yana tare mutanen gari a titi, yana auna kawunansu, yana duba haƙoransu, kamar yadda masu binciken Turai suka yi wa kakanninsa, sannan ya aika wa abokan aikinsa rahoto. Shi ma a ƙarshe ya juya wa ofis baya. Sai dai Damouré ya kalli mutanen garin da ya je har ya ba su haushi, ya kuma san akwai masu jiran bayaninsa a gida. Xavier kansa kawai ya je nema, kansa kuma ya samo.

Lokaci ma ya yi wa fim ɗin nasa sharhi. Klapisch ya bi jaruman nasa a Les Poupées russes a 2005 da Casse-tête chinois a 2013, sannan ya koma kan ƴaƴansu a birnin Atina cikin Salade grecque a 2023, inda maganar ƴan gudun hijira ta shigo tsakiyar labari, kamar mai biyan bashin saurayin Gambiya da aka bari a ƙofa. Ita kuwa Barselona, tsadar haya ta kai magajin garinta Jaume Collboni ya ba da sanarwa a Yunin 2024 cewa za a kawo ƙarshen lasisin gidajen saukar masu yawon buɗe ido, kimanin 10,000, kafin ƙarshen 2028. Baƙin da fim ɗin ya yi wa kirari suna cikin abin da ƴan gari ke kuka da shi.

Duk da haka bai kamata a fitar da L'Auberge espagnole daga aji ba. Malami zai zaɓi sassan da suka dace da shekarun ɗalibansa da tarbiyyarsu, domin akwai waɗanda ba na lise ba ne. Sashen takardu da na firji da na gardamar harshe sun isa darasi. Bayan an kalla, sai a ba kowane ɗalibi takarda ya zana satin Xavier, awa bayan awa, ya rubuta wanda ya biya kowace awa. Daga nan ya zana nasa satin, a garin da yake mafarkin zuwa, da horon aiki a ciki da kuɗin haya da kiran gida. Wanda ya yi wannan lissafi tun yana Maradi ko Tawa zai san abin da zai zuba a jakarsa kafin ya isa masaukin.