Wai zamani ne ya kashe gandu? A sake duba littafin Polly Hill

Sau nawa ka ji dattijo na cewa da can gida ɗaya ake, tukunya ɗaya, sai boko da son kai suka wargaza komai? Kafin ka gyaɗa kai, duba *Rural Hausa*, littafin da Baturiyar Ingila Polly Hill ta fitar a 1972, bayan binciken da ta yi a Batagarawa kusa da Katsina a 1967.

Ba ta tsaya kan jita-jita ba. Ta bi gida-gida tana lissafa wa ke noma wa wa. Gandun da ta tarar yawanci na uba ne da 'ya'yansa masu aure: su yi masa aiki a gona, shi ya ciyar da su, ya biya musu haraji, ya ba su gayauna su noma don kansu. Uba na rasuwa, galibi sai a raba gona, kowa ya kama gabansa. Gandun wa da ƙane bai cika daɗewa ba. Ka ga ke nan rabuwar gida ba yau ta fara ba. Ta kuma nuna mai wadata ya fi iya riƙe 'ya'yansa, talaka kuwa da me zai riƙe su?

A littafinta na 1977 kan Ɗorayi da ke gefen Kano, ta tarar da ƙarancin fili da cunkoson jama'a tare da manya-manyan gidaje masu magidanta da yawa. Ashe matsi ba lallai ya rage girman gida ba.

To, amma fa littafin na da iyaka. Ƙauye ɗaya ne, kusa da birni. Kuma ma'auninsa gona ne, wadda galibi maza ke riƙe da ita. Aure, saki, zawarci da riƙon yara su ma suna sauya mutanen gida, kuma wannan ya fi fitowa a *Baba of Karo* na Mary Smith (1954), inda mace ce ke ba da labari da bakinta.

Don haka in aka ce maka babban gidan unguwarku ya watse, tambayi shekarar da maigidan ya rasu, da yadda aka raba gadon, da matan da suka shigo ko suka fita. A nan za ka fi samun dalili.